Ƙulli a Bakin Lafayar Goggo

Ni dai ba ni da haƙuri, kowa a gidanmu ya sani, kuma ba na musu. Wadda ta fi kowa sani ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina ɗan shekara shida. Ba ta kirana da sunana, sai dai “mai biro”, saboda komai aka faɗa sai na ciro biro na rubuta. A Bulumkutu take zaune, tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Kakanninmu daga Kano suka zo, amma ita a Maiduguri aka haife ta, Kanuri a bakinta kamar a nono ta sha shi. Ba ta taɓa shiga aji ba. Da wannan na riƙa raina mata wayo, Allah ya yafe mini.

A shekarun da garinmu ya rikice, 'yarta da ke aure a Maleshiya ta matsa lallai sai ta je ta huta da ƙarar bindiga. Mijin 'yar yana koyarwa a wata jami'a a can, shi ya aiko da tikiti biyu, ni na zama muharrami kuma tafinta. Mako uku muka yi. Goggo ta ga teku, ta ga ruwan sama da ke zuba kusan kullum bayan azahar, ta ga wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, ta ce ikon Allah sai kallo. Amma ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura ta kama salati. Abincinsu kuwa ta ce komai sai sun sa masa sukari, ita ba jaririya ba ce. Muna cikin mako na biyu aka yanke layin waya a Borno gaba ɗaya. Ka kira kowa, shiru. Daga ranar hutun Goggo ya ƙare a zuciyarta, sai ƙirga kwanakin komawa.

Ranar Asabar da safe muna filin jirgi, ana auna mana kaya, ni ina ta faɗa da Goggo a kan wata tukunyar dafa shinkafa da ta nace sai ta taho da ita, sai ga wani saurayi ya zo da gudu yana haki. Surukin Goggo ya ce ɗalibi ne, ɗan garinmu, ya ji labarin za mu tafi. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane ya ce, “Wushe, Hajja.” Ta amsa masa da Kanuri, nan take idonsa ya kawo ruwa.

Matarsa ta haihu a can Maleshiya ranar Laraba, namiji, ɗan fari. Laraba mai zuwa suna. Tun ranar da ya yi aure ya yi wa mahaifinsa alkawari cewa ɗansa na fari shi zai zaɓa masa suna. Ga shi an haihu, ga waya babu. Bai ma san ko mutanen gida suna lafiya ba.

“Hajja, na ma san abin da zai ce,” in ji shi. “Sunan kakana zai ce a sa, tun ina yaro yake faɗa. Amma ina so ya fito daga bakinsa. Ki taimake ni ki kai masa albishir, duk abin da ya ce a ba wani mai fitowa daga gari ya kira ni.”

Ni na yi lissafi nan da nan. Lahadi da rana muna Maiduguri, akwai Litinin, akwai Talata. Na ce masa kada ya damu, aikin banza ne. Na ciro biro, na juya bayan takardar shiga jirgi, na ce faɗi kwatance. Ya ce Bulabulin, bayan masallacin da ke da fenti kore, gida mai dogon yaro biyu a ƙofa, mahaifinsa mai wankin hula ne, za mu ga huluna a shanye a rana. Na rubuta duka har da lambar wayarsa, na sa a aljihu, na ce shi ke nan.

Goggo ta ce, “Ba shi ke nan ba. Ɗana, sake faɗi.”

Ya sake. Ta ce ya ƙara. Ya ƙara na uku, ita tana motsa baki tana binsa. Sannan ta mayar masa da shi tiryan-tiryan, ta sa ya rubuta lambarsa a wata 'yar guntuwar takarda, ta naɗe ta ƙanƙanuwa, ta kama bakin lafayarta ta ƙulle ta a ciki tamau, yadda take ƙulle goro.

Na ce, “Haba Goggo, ana kiran jirgi fa. Ai na rubuta.”

Ta ce, “Rubuta naka, mai biro. Ni aka ba saƙo.”

Ruwan saman da Goggo ke yabo shi ya fara ɓata mana lissafi. Mun shiga jirgi, mun ɗaura bel, sai sama ta tsage. Muka zauna a ƙasa fiye da awa uku, ni ina ta tsaki ina duba agogo, ita tana jan carbi. Da muka tashi, tafiyar awa bakwai ce zuwa wani birnin Larabawa inda za mu canja jirgi. Ban runtsa ba. Ina kallon ɗan jirgin da ke tafiya a jikin allon da ke gabana, wallahi kamar hawainiya. Goggo kuwa ta ci abin da za ta iya ci, ta naɗe biredi da man shanun da aka ba ta a jaka, ta tambaye ni ina gabas. Na ce mata a sama muke, gabas tana juyawa. Ta ce Allah dai ba ya juyawa, ta yi sallarta a zaune. Bayan nan ta yi barci har da minshari, hannunta na dama yana kan ƙullin.

Muka sauka, jirgin Abuja ya daɗe da tashi. Sai gobe. Na je wurin teburin ma'aikata na zazzage musu duk Turancin da ke cikina. Wata yarinya mai fara'a ta bar ni na gama, ta ba mu masauki, ta buga mana sababbin takardun shiga jirgi, ta ce in kawo tsofaffin. Ni da hannuna na miƙa mata, ina ci gaba da mita. A gabana ta yayyaga su ta jefa a kwando. Ban tuna ba sai da muka isa masauki na sa hannu a aljihu.

Kai! Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na yi ta juya aljihu kamar wani abu zai faɗo. Goggo tana zaune a bakin gado tana murza ƙafarta da ta kumbura, ta dube ni ta ce, “Me ya ɓata?”

Na faɗa mata, ina jiran ta wanke ni tas. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, “Bulabulin, bayan masallaci mai fenti kore, dogon yaro biyu a ƙofa, mai wankin hula. An haifi namiji ranar Laraba, uwa da ɗa lafiya, a faɗi suna kafin Laraba. Biro ya ƙare?”

Na ce, “Ya ƙare, Goggo.”

Ta ce, “To miƙo mini man zafi.”

Washegari Lahadi muka sake hawa sama, wata awa bakwai ɗin ko fiye. A wannan karon ne na lura da yadda tafiyar take cin ta. Mace ce da ta haura sittin, da ciwon gwiwa, ƙafa ta yi suntum har takalmi ya ƙi shiga. Ko sau ɗaya ba ta koka ba. Ni da ƙuruciyata nake ta kuka da kujera, da sanyi, da yaron da ke bayana yana harbin bayana. Da muka shigo sararin ƙasarmu ta leƙa taga ta ga jar ƙasa, ta ce, “Alhamdu lillahi, mun fara ganin ƙasa mai kama da ƙasa.” Sai kuma ta juyo ta ce, “Yau kwana nawa da haihuwar?” Na ce huɗu. Na ƙara mata da cewa mutanen can suna gabanmu da awa bakwai, wato in gari ya waye musu Laraba, mu nan Talata ba ta daɗe da ƙarewa ba. Ta ce, “Ashe har rana ma gudu take yi a wurinsu. To Talata ce tamu.”

Mun sauka Abuja da yamma. Jirgin Maiduguri ɗaya ne a yini a lokacin, namu na safiyar ranar ya tafi da kujerunmu. Muka kwana a gidan wani abokina. Litinin tun da sassafe muna filin jirgi, aka ce jirgi ya cika maƙil, sai dai mu jira ko wani zai fasa. In ba haka ba sai Laraba ko Alhamis. Hanyar mota kuwa ba wanda zai ba ka shawarar ka bi ta da tsohuwa a kwanakin nan.

Abin da na gani a wurin ban taɓa ganin irinsa ba. Masu tafiya kaɗan ne a kan waɗanda suka zo ba da saƙo. Tun da waya ta mutu, jirgin nan ya zama gidan waya. Wannan yana riƙe da wasiƙa, wancan da ƙunshin magani, wata tana bin layi tana tambaya, “Don Allah wa zai bi ta Dala?” Lasifika kuma tana ta gargaɗi kada kowa ya karɓi kayan wanda bai sani ba. Mutane suna jin tsoro, da gaskiyarsu, lokaci ne da ba ka san me ke cikin leda ba. Wasu suna kau da kai, wasu suna karɓa a ɓoye.

Goggo ta samu kujera ta zauna, ta miƙe ƙafa. Wata mata ta zo da ambulan tana roƙo. Goggo ta ce, “Ba na karɓar abin da ban ga cikinsa ba, 'yata. Amma faɗa mini da baki, magana ba a ɗora ta a sikeli.” Matar ta faɗa, sau uku, Goggo ta mayar mata, ta yi ƙulli. Kafin ka ce kwabo an kewaye ta. A gaya wa wane an sallami matarsa daga asibiti. A gaya wa wance kada ta taho, ta zauna inda take. A gaya wa mutanen gida kaza ɗansu ya iso lafiya. Bakin lafayar nan ya cika da ƙulle-ƙulle kamar igiyar shanya albasa.

Raina ya ɓaci. Na sunkuya na ce mata, “Goggo, mu da ba mu da kujera, kina ta ɗaukar wa kanki kaya. In ba mu tafi ba fa?”

Ta ce, “In ba mu tafi ba, sai in kwance in ba mai tafiya. Kai dai je ka yi musu Turanci.”

Na je na yi, bai yi amfanin komai ba. Kujera ɗaya ta samu, wani ya fasa. Ɗaya tak. Na dawo na ce mata sai dai ta tafi ita kaɗai, ni in biyo baya, alhali na san ba za ta iya da kaya da shingayen sojoji ita kaɗai da wannan ƙafar ba. Ta ce to, in haka Allah ya so. Har ta fara neman takalminta.

Akwai wani dattijo a kujerar gefe, da zanna bukar a kansa, tun ɗazu yana sauraronmu. Ya gyara murya ya ce, “Hajja, me ya sa ranki yake kan jirgin yau?” Ta ba shi labarin jaririn da ke jiran suna a wata uwa duniya. Ya shafa gemu. Can ya ce shi ma ba wani abu zai kai shi gida ba illa magana ɗaya. Ya samar wa iyalinsa gida a nan, yana so ƙaninsa ya haɗa su ya sa su a jirgin Alhamis. Kwana ɗaya zai yi ya dawo. Ya ce, “Na ga yadda kike karɓar saƙo. In za ki kai mini nawa, ɗanki ya hau kujerata.”

Na buɗe baki zan yi godiya da dogon bayani, Goggo ta ɗaga mini hannu. Ta ce wa dattijon, “Faɗi, Alhaji.” Ya faɗa sau uku, ta ƙulle. Shi da kansa ya je ya yi magana da ma'aikatan, aka juya takardu, aka ba ni kujerarsa. Har yau ban san sunansa ba. Ya ga tsohuwa da ƙulli a lafaya, ya yarda da ita fiye da yadda ya yarda da ƙafarsa, ni kuma da na tashi a hannunta sai a ranar nake gane ta.

Jirgin Maiduguri ba ya kama da sauran. Ba mai hira da ƙarfi. Da aka ce mun kusa, kowa ya manne da taga yana neman unguwarsu, yana duba ko akwai hayaƙi. Na hango dogon yaron garinmu layi-layi, kore shar, da rufin kwano yana ƙyalli. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Na je ƙasar da komai yake aiki, na yaba, amma ban ji abin da na ji da na ga wannan garin da ake gudu daga cikinsa ba. Tayoyi suna taɓa ƙasa, jirgi ya ɗauki hamdala.

Jirgin ya yi latti, la'asar ta wuce lokacin da muka fito da kaya, dokar hana fita kuma ta kusa. Bulumkutu ba nisa da filin jirgi, amma sai da muka sauka daga keke napep sau uku, a buɗe akwati, a ɗaga hannu, a bayyana wa soja mece ce tukunyar dafa shinkafa. Goggo ta so mu wuce Bulabulin a ranar. Mai keken ya ce ko nawa za a ba shi ba zai je ba. Muka shiga gida, maƙwabta suka cika tsakar gida da lale lale, tana amsawa tana raba tsaraba, amma na ga hankalinta ba ya wurin. Saƙonnin da ke kusa ta aika a kira masu su tun kafin magariba, tana faɗa tana kwancewa. Na dattijon nan ma ya isa, don ƙaninsa a bayan layinmu yake.

Talata ana buɗe hanya muka fita. Shinge bayan shinge, ga sojoji, ga samari masu gora suna leƙa fuskar kowa. Muka shiga Bulabulin, lunguna a cike kamar kullum, mata suna suyar ƙosai, masu tebur suna kasa kaya, rayuwa dai ba ta fasa ba. Masallaci mai fenti kore har biyu muka samu. Na fara huci. Goggo ta ce, “Matambayi ba ya ɓata,” ta tsayar da wata mai kayan miya ta tambaye ta gidan mai wankin hula. Matar ta dube mu wani iri, ta nuna da hannu.

Ga dogon yaro biyu a ƙofa. Amma babu hula ko ɗaya a rana. Itatuwan da ake ɗora huluna a kansu an tattara su an jibge a gindin bishiya, ƙura ta hau su. Gabana ya faɗi. Goggo ta tsaya ta dube su, ta ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un,” tun kafin kowa ya gaya mata.

Wani maƙwabci, mai shagon gefe, shi ya ba mu labari. Kwana goma sha biyu ke nan. Ba harbi ba ne, ba komai ba. Hawan jini ne ya buge shi bayan an rufe hanya, ba damar fita da shi, kafin a buɗe Allah ya karɓi abinsa. Wato ranar da aka haifi jikansa, shi ya riga ya kwana shida a ƙasa.

Na ja Goggo gefe na ce, “Mu koma. Me za mu ce musu? Wanda aka aiko mu wurinsa ba ya nan.”

Ta ce, “Gidan yana nan.” Ta yi sallama ta shiga. Bayan ɗan lokaci aka ce in shigo, na tsaya daga bakin zaure inda nake jiyo su.

Matar marigayin tana zaune a kan tabarma cikin takaba, 'yar siririya, carbi a hannu. Goggo ba ta yi gaggawa ba, ni kuwa ina ta kallon agogo, don jirgin ranar zai tashi bayan azahar. Ta yi mata gaisuwa cikakkiya, ta yi wa mamaci addu'a, ta sha ruwan da aka kawo. Sai da ta ga matar ta natsu sannan ta ce, “'Yar'uwa, daga wurin ɗanki nake. Da idona na gan shi ranar Asabar, lafiyarsa ƙalau. Albishirinki.”

Matar ta ɗago, da ƙyar ta ce, “Goro.”

“Kin yi jika. Namiji. Ranar Laraba, uwa da ɗa lafiya.”

Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kuka ne da dariya a cikinsa. Ni da nake ganin zuciyata dutse ce sai da na juya na fuskanci bango. Da ta lafa, Goggo ta isar da sauran saƙon yadda aka ba ta, ba ta rage ba: ɗanki ya ce mahaifinsa ya faɗi suna, gobe ne suna.

Matar ta share hawaye. Sannan ta ce, “A sa masa sunan mai gidan nan.” Ba ta kama sunan ba, ba ta taɓa kama shi ba tun da aka kawo ta gidan, sai da na fita na tambayi mai shago. Da na dawo na ji tana roƙon Goggo. “Don Allah kada a gaya masa rasuwar tukuna. Yana can shi kaɗai da mai jego, ba uwa ba uba. A bar shi ya yanka ragonsa da farin ciki. In an yi suna sai a san yadda za a yi.”

Goggo ta ce, “Ke kika haife shi. Abin da kika ba ni shi zan kai.”

A cikin keke, kan hanyar filin jirgi, na yagi takarda na rubuta saƙon da za mu ba mai tafiya. Goggo ta ce in karanta mata. Na karanta: “Babanka ya ce a sa wa yaro suna kaza.”

Ta ce, “Goge.”

Na ce, “Me kuma? Ai haka yake so ya ji. Kuma uwarsa ta ce a ɓoye masa.”

“Ta ce kada a faɗa. Ba ta ce a yi ƙarya ba. Mutumin da ke kabari za ka sa wa magana a baki? Rubuta: daga gida an ce a sa wa yaro suna kaza.”

Na ce, “Goggo, kalma biyu ce fa, wa zai lura?”

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da take mini ina yaro in na ɗauki abin da ba nawa ba. Ta ce, “Mai biro, goge.” Na goge.

Shingayen hanya sun ci mana lokaci, muka isa ana shiga da fasinjoji. Ba a barin wanda ba matafiyi ba ya wuce ƙofa. Goggo ta tsaya a rana, a kan ƙafar nan mai kumburi, tana duban fuskokin masu wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na nuna mata wani mai kwat, ta ce a'a, wannan hankalinsa yana kan jakarsa. Ta zaɓi wata mata mai goyo, malamar asibiti ce za ta Abuja. Ta kwance ƙullin, na kwafi lambar a jikin takardata, muka ba ta. Duk da takardar, sai da Goggo ta sa ta faɗi saƙon da baki sau uku, ta ce mata, “Kina sauka ki kira, kafin ki nemi mota. Kuma yadda na faɗa miki, kada ki ƙara gishiri.” Matar ta ce insha Allahu. Muna tsaye har jirgin ya tashi ya ɓace. Sai na ga Goggo ta mayar da 'yar takardar cikin bakin lafaya ta sake ƙullewa.

Na ce, “Ai an gama.”

Ta ce, “Ka ji ya isa?”

Ban ji ba, kuma babu hanyar ji. Makonni suka wuce. Lafayar nan tana rataye a ƙusa a ɗakinta, duk ƙulle-ƙullen sun kwance saura ɗaya. Ba ta sake ɗaura ta ba, ba ta bari an wanke ta ba. Takan je Bulabulin ta duba mai takaba, ta kai mata turare. In na tsokane ta na ce lafaya za ta ruɓe a ƙusa, sai ta ce alkawari kaya ne, in bar ta da kayanta.

Ranar da layin waya ya dawo, gari ya rikice da ringin, kowa yana ihu a waya kamar an yi sallah. Ina gidan Goggo da hantsi wayata ta yi ƙara, lambar ƙasar waje. Ɗalibin nan ne, surukin Goggo ya ba shi lambata. Ya ce ya riga ya yi magana da mahaifiyarsa, yanzu Hajja yake nema. Na sa yadda za mu ji duka, na miƙa mata.

Ya gaishe ta, ta yi masa ta'aziyya. Ya ce saƙo ya same shi ana saura 'yan awoyi gari ya waye musu, an raɗa wa yaro suna a kan lokaci. Ya ce, “Hajja, tun a ranar na sani. Baba ba zai taɓa zaɓar sunan kansa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Na tambayi matar da ta kira ni, na ce Baba ne ya faɗa? Ta ce ita dai an ce mata daga gida. Na ce to na gode. Da safe na yanka rago, na ciyar da mutane, ban gaya wa mai jego ba. Da aka watse na shiga ɗaki na ɗauki yaron, na kira shi da sunan, na yi kukana.”

Hawaye yana bin fuskar Goggo.

Ya ce, “Da an ce mini Baba ya ce, da na yarda, da na yi ta murna ina jiran ranar da zan kira shi in yi masa godiya. Allah ya saka miki da alheri da ba ki yi mini haka ba.”

Ta ce, “Allah ya jiƙansa. Allah ya raya mai sunansa. Ina yake? Sa shi ya yi mini magana.”

Muka ji motsi, sai ga kukan jariri daga can ƙarshen duniya, da ƙarfinsa. Goggo ta saurara har ya yi shiru. Ta miƙo mini wayar, ta dafa gwiwa ta tashi, ta ciro lafayar daga ƙusa. Ƙullin ya ƙi kwantuwa don ya daɗe, sai da ta sa haƙori. Ta ba ni 'yar takardar, ta ce, “Ungo, mai biro, adana a cikin takardunka.” Sannan ta jefa lafayar cikin kayan wanki, ta ce in duba ko an kawo ruwa a famfo.